Wat Nawa Ne? Tambayar da Ta Tsufa a Kasuwar Ƙwan Lantarki

A kusan kowane shagon kayan lantarki, daga Sabon Gari a Kano zuwa babbar kasuwar Yamai, akwai wani katako da aka kafa wa mazaunin ƙwai uku ko huɗu, inda ake gwaji kafin a miƙa wa mai saye kayansa. Mai shago ya murɗa ƙwan, ya danna makunni, haske ya doki ido, mai saye ya kau da kai ya ce ya yi. Tambaya ɗaya yakan ƙara: wat nawa ne? Idan aka ce masa 30, ya fi samun natsuwa a kan a ce 12. Bayan wata biyar ko shida ƙwan ya fara ƙifta ido, ko ya dusashe, ko ya mutu ɗungurungum, alhali a jikin kwalinsa an rubuta cewa zai yi awa 25,000. Ga gidan da ke kunna fitila awa 6 kowane dare, awa 25,000 shekara 11 ke nan da 'yan watanni.

Abu mafi sauƙi shi ne a ce kayan zamani ba su da ƙarko, ko a ɗora wa wutar NEPA laifi, kuma kowanne daga cikin biyun yana da ɗan rabonsa na gaskiya. Amma tushen matsalar yana kan katakon nan da tambayar da ake yi a gabansa. Dukansu an gaje su ne daga wata fitila dabam, wadda ta kusa barin kasuwa. Fitilar ta canja tun daga asalin yadda take samar da haske, ma'aunin cinikinta kuwa yana nan yadda yake, kuma duk kasuwar da ake auna kaya da mudun da bai dace da su ba, mai algus ne yake cin ribarta.

Tsohon ƙwai mai zare aikin maƙera yake yi. Lantarki yana bi ta cikin siririyar wayar tangistin har zafinta ya kai digiri 2,500 ko kusa da haka, ta yi jawur sannan ta yi fari, kamar ƙarfe a bakin zugazugi. Haske a nan ɗan rakiya ne kawai, domin fiye da kashi 90 cikin 100 na wutar da ƙwan ya sha, zafi take zama. Wat ma'aunin abin da ƙwai yake ci ne; ma'aunin hasken da yake bayarwa sunansa lumen. Sai dai da yake ƙwayayen wancan zamani kusan ɓarnarsu ɗaya, wanda ya ci wat 60 zai ba da lumen 700 zuwa 800, ko wane ne ya ƙera shi. Shi ya sa tambayar wat ta yi wa mutane aiki shekara da shekaru ba tare da ta yaudare su ba.

LED ba ya gasa komai don ya yi haske. Sunan taƙaitawa ce ta kalmomin Turanci uku masu nufin diyod mai fitar da haske, shi kuwa diyod ƙofa ce da lantarki ke iya bi ta fuska ɗaya kawai. Ana yin sa da ɗan kiristal da girmansa bai wuce ƙwayar gero ba, daga jinsin abubuwan da ake kira semikwandakta, waɗanda ba sa barin lantarki ya wuce sakaka kamar jan ƙarfe, ba sa kuma tare shi gaba ɗaya kamar roba. Gefe ɗaya na kiristal ɗin ana gauraya masa wani sinadari da ke sa ilektiron su yi masa yawa, wato ƙananan ƙwayoyin nan da kwararsu ita ce lantarki. Ɗaya gefen kuma ana sa masa wani sinadarin da ke barin gurabe, kamar motar haya da ta tashi da sauran kujeru ba kowa. Idan aka jona batir ta fuskar da ta dace, ilektiron daga wannan gefe da gurabe daga wancan sai su hallara a mahaɗa, kowane ilektiron ya faɗa cikin gurbi.

A wannan faɗawa hasken yake. Ilektiron mai yawo yana kan babban mataki na makamashi, gurbin yana ƙasa, kuma babu wurin tsayawa a tsakaninsu, kamar ruwan da ya bar bakin indararo, ba shi da zango sai ƙasa. Makamashin da ya rasa a hanya shi ne yake fita a matsayin ɗigon haske guda. Tsayin indararon sinadarin kiristal ɗin ne ya yanke shi, tsayin kuma shi ne yake yanke launi. Gajeriyar faɗuwa tana ba da ja, wadda ta ɗara ta tana ba da rawaya ko kore, doguwa ta ba da shuɗi. Dalili ke nan da ya sa jan LED yake kamawa da turin lantarki na kimanin bolt 2, shuɗi kuwa sai an ba shi kusan 3. Silikon, wanda aka gina duniyar kwamfuta a kansa, ba ya iya wannan aiki, domin a cikinsa makamashin faɗuwar zafi yake zama.

An ga alamar abin tun da wuri. A 1907 wani injiniyan Ingila, Henry Round, ya lura cewa kiristal ɗin silikon kabayid yana ɗan haske idan aka sa masa lantarki. A shekarun 1920 Oleg Losev a Rasha ya bi diddigin lamarin ya wallafa bincike a kansa, amma bai rayu ya ga an mori aikinsa ba. Yunwa ta kashe shi a Leningrad a 1942, lokacin da sojojin Jamus suka yi wa birnin ƙawanya. Sai a 1962 Nick Holonyak na kamfanin General Electric a Amurka ya samar da jan LED na farko mai amfani wanda ido ke gani. Rawaya da wani kore mai rauni suka biyo baya. Shekara 30 LED ya yi yana zaman ɗan aike, ɗigon ja a jikin rediyo, lambobi a fuskar agogo da kalkuleta. Ba a iya haska ɗaki da shi, domin ba a samun farin haske sai da shuɗi, shuɗi kuwa ya gagara.

An san sinadarin da faɗuwarsa ta kai tsawon da ake nema, galiyam naitirayid, amma ya ƙi ba da kai ta hanya biyu: kiristal ɗinsa yakan fito duk tsaga, kuma an kasa samar masa gefen nan mai gurabe. Manyan kamfanoni suka gwada suka haƙura, akasarin masu bincike suka koma kan wani sinadarin dabam. Isamu Akasaki na Jami'ar Nagoya a Japan da ɗalibinsa Hiroshi Amano suka nace. Bayan gwaji fiye da dubu da bai yi ba, a 1986 suka sanar da samun kiristal mai tsabta ta hanyar fara shimfiɗa wani siririn rufi a kan dutsen safaya, a 1989 kuma suka samar da gefe mai gurabe. A can tsibirin Shikoku, wani injiniya mai suna Shuji Nakamura, wanda a lokacin ko digirin digirgir ba shi da shi, yana aiki a Nichia, ƙaramin kamfanin da sana'arsa ita ce haɗa hodar da ake shafawa a cikin dogon ƙwan fuloresan. Ya ƙera na'urar dafa kiristal ta kansa, ya gano cewa iskar haidurojin ce take toshe guraben, kuma gasawa kawai ta isa ta kore ta. Da ya gauraya indiyam don daidaita tsawon faɗuwar, sai ga shuɗi mai ƙarfi a ƙarshen 1993. Su ukun suka raba kyautar Nobel ta fiziks a 2014. Holonyak, wanda ya buɗe ƙofar, ba a sa shi a ciki ba, kuma bai ɓoye ɓacin ransa ba. Shi ma Nakamura yana da nasa ƙorafin, domin tukuicin da kamfanin ya ba shi yen 20,000 ne, kimanin dala 180. Ya kai ƙara, wata kotu a Tokyo ta yanke masa yen biliyan 20 a 2004, aka ƙare da sulhu a kan kimanin yen miliyan 840 a shekarar da ta biyo.

Farin LED kuwa shuɗi ne da ya yi lulluɓi. Duk wanda ya dubi tocilar wayarsa a kashe zai ga ɗigo rawaya. Hoda ce da aka rufe shuɗin da ita, tana shanye wani kaso na haskensa ta mayar da shi rawaya, ido ya haɗa biyun ya ga fari. Nichia, da ke da tsohuwar gogewa a kan hoda, ta fito da wannan a 1996.

Da yake kowane LED launi ɗaya tak yake fitarwa, kuma yana iya kunnuwa ya mutu cikin ƙiftawa da bismillah, ya shiga wuraren da ƙwai mai zare bai taɓa lekawa ba. Wanda ke bakin rimot yana fitar da hasken da ke ƙasa da ja, wanda ido ba ya gani ko da yake kyamarar waya takan kama shi, yana ƙiftawa kimanin sau 38,000 a sakan don isar da saƙo. Akasarin talabijin da ake tallata su da sunan LED, allonsu na ruwan kiristal ne, LED ɗin suna jere a bayansa suna haska shi. Idan talabijin yana magana amma allo baƙi ƙirin, sau da yawa su ne suka mutu. A asibiti, shuɗin LED ne ake haska wa jaririn da ke da shawara, domin wannan launin yana wargaza sinadarin da ke sa fata ta yi rawaya. Ɗan matsin da ake saka wa yatsa don auna iskar oksijin a jini yana ɗauke da LED biyu, ja da na ƙasa da ja, yana kwatanta yadda jini yake shanye kowanne. A 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan suka nuna cewa na'urar ta fi yawan kuskuren ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙaƙen fata, kusan ninki uku a kan fararen fata. Likitocin yankin da kusan kowane majinyaci baƙar fata ne ya kamata su riƙe wannan a rai.

Amma babban aikinsa shi ne haska ɗaki, kuma a nan ne lissafi ya yi daɗi. Hasken da tsohon ƙwai yake bayarwa da wat 60, LED mai kyau yana bayar da shi da wat 8 ko 9. Gida mai ƙwai goma ya sauko daga wat 600 zuwa 90. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100, idan rabinsa kawai aka ja don kada ya lalace da wuri, zai riƙe tsofaffin ƙwayaye goma na awa ɗaya, sababbin kuwa fiye da awa 6. Wannan bambanci ne ya sa ƙaramin farantin sola ya zama abin da zai iya haska gida, ya sa teburin mai shayi da na mai tsire suka bar fitilar ƙwai da aci-bal-bal, tare da hayaƙinsu da gobararsu da bala'in kananzir ɗin da aka gauraya da fetur. Masanin tattalin arziki William Nordhaus ya taɓa ƙididdige, a wani bincike na 1996, tsawon aikin da mutum zai yi kafin ya iya sayen hasken lumen 1,000 na awa ɗaya. A Babila, da fitilar man riɗi, sama da awa 40. A 1800, da kyandir na kitse, kimanin awa 5. A 1992, da ƙwan fuloresan mai murɗe, ƙasa da sakan ɗaya. Shi ma fuloresan ɗin yana kan hanyar fita, saboda zaibar da ke cikinsa. A 2023 ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Minamata, bisa shawarar da ƙasashen Afirka suka gabatar, sun amince a daina ƙera shi da cinikinsa tsakanin ƙasashe zuwa 2027. Nan gaba kaɗan LED ne kaɗai zai rage a kan kanta, mai kyau da marar kyau.

To me yake kashe shi a wata shida? Amsa ta farko zafi, abin da ba a zata ba daga fitilar da ake yi wa kirari da sanyi. Gaskiya ne LED ya fi tsohon ƙwai tattali nesa ba kusa ba, amma har yanzu kusan rabin wutar da ya sha ko fiye zafi take zama. Tsohon ƙwai yana watsa zafinsa waje tare da haske, kuma zafi ba ya damunsa tunda da shi yake aiki. Zafin LED kuwa a cikin ɗan kiristal ɗin yake taruwa, sai an janye shi ta baya zuwa farantin alminiyam, daga nan zuwa iska. Idan ba a janye ba, haske ya ragu, hodar ta ƙone, launi ya canja. Alminiyam kuɗi ne, ƙwayoyin LED ma kuɗi ne. Mai ƙera da ke son rage farashi hanya a buɗe take: ya sa ƙwaya 10 inda ya kamata a sa 20, ya tura musu wuta ninki biyu, ya sa siririn faranti ko roba zalla. A kan katakon gwaji, cikin sakan biyar, wannan ƙwan zai yi haske kamar mai kyau, har ma ya fi shi. Bai kai ga ɗaukar zafi ba ma an kashe shi an mayar cikin kwali. Jakin da aka yi wa lodi ninki biyu shi ma yakan bar kasuwa da ƙarfinsa.

Amsa ta biyu tana cikin gindin ƙwan. Wutar gida bolt 230 ce mai kai-da-komo sau 50 a sakan, LED kuwa ƙaramar wuta yake so mai bin fuska ɗaya, wadda ba ta hawa ba ta sauka. Ɗan allon da ke yin wannan fassara masu gyara suna kiran sa direba, kuma sunan ya dace da shi. Direba mai kyau yana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240 ko fiye, ya riƙe haske daidai ko da wuta ta zo da rauni, abin da tsohon ƙwai bai taɓa iyawa ba. Marar kyau kuwa duk abin da ya zo daga waya ko janareto shi yake miƙa wa kiristal. A cikin direban akwai kafasita mai ruwa a ciki, wadda zafi yake busarwa a hankali. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 10 yana raba rayuwarta biyu. Kafasitar da aka yi wa alkawarin awa 2,000 a digiri 105 za ta yi kimanin awa 32,000 a digiri 65, amma awa 4,000 kacal a digiri 95. A Sakkwato ko Maiduguri cikin Afrilu, inda iskar waje kanta take haura digiri 40, ƙwan da aka rufe cikin gilashin ado a ƙarƙashin rufin kwano ya fi kusa da lissafi na biyun. Ga kuma wata: ƙwayoyin a jere suke kamar carbi, ɗaya ta tsinke duka su yi duhu. Masu gyara sun gane wannan, sukan nemo wadda ta yi baƙin ɗigo su tsallake ta da dalma, ƙwan ya dawo. Dabara ce mai kyau, amma zafin da ya kashe ta farko yana nan yana jiran ta biyu.

Cewa ana iya yin akasin haka, an nuna shi a fili. A 2016 kamfanin Philips da hukumar birnin Dubai suka fito da wani ƙwai mai ba da lumen 200 a kowane wat, kimanin ninki biyu na abin da aka saba, wanda mai wat 3 a cikinsa yake maye gurbin tsohon mai wat 60. Babu wani sabon sinadari a ciki. An dai ninka yawan ƙwayoyin, aka rage wa kowace lodi, suka yi sanyi, suka ƙara tattali da tsawon rai. Abin ban sha'awa shi ne a kwatanta wannan da abin da ya faru a Geneva a ƙarshen 1924, lokacin da manyan masu ƙera ƙwai na duniya, ciki har da Osram da shi Philips ɗin, suka ƙulla yarjejeniyar Phoebus, suka taƙaita rayuwar ƙwai zuwa awa 1,000, da tara a kan wanda nasa ya wuce haka. A wancan zamani sai da aka haɗa baki kafin a gajarta rayuwar fitila. A yau gasar farashi kaɗai ta wadatar.

Masanin tattalin arziki George Akerlof ya bayyana yadda hakan ke faruwa tun 1970, da misalin motoci na hannu. Idan mai saye ba shi da hanyar rarrabe mai kyau da mai ciwo, ba zai biya kuɗin mai kyau ba. Mai kaya mai kyau ya ga ba riba ya janye. Kasuwa ta rage wa masu ciwo. Shirin Lighting Africa, wanda Bankin Duniya da reshensa IFC suka ƙaddamar a 2007 don yaɗa fitilun sola, ya ci karo da wannan tun farko. Iyalin da suka tara kuɗi suka sayi fitilar da ta mutu a wata uku ba su sake saye, kuma maƙwabtansu ma sun ji labari. Abin da shirin ya yi shi ne ya kafa gwaji mai zaman kansa, wanda jigonsa shi ne ko abin da aka rubuta a kwali ya yi daidai da abin da ke ciki, tare da wajabta garanti. Aikin yana ci gaba a yau da sunan VeraSol. Ƙwan da ake murɗawa a silin yana buƙatar irin wannan.

Akwai hujja mai nauyi da za a iya kawowa a kan haka. Talaka ba wauta ce take sa shi sayen mai araha ba. Ya san arha ba ta ado, amma kuɗin da ke hannunsa yau shi ne abin da yake da shi, kuma ɗakinsa yau yake buƙatar haske. Tsauraran ƙa'idoji suna ɗaga farashi, suna ƙarfafa fasa-ƙwauri, kuma a inda hukuma ba ta da ƙarfi sukan rikiɗe su zama wani shingen karɓar na goro. Duk wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa haramta ƙwai mai araha ba shi ne mafita ba. Ƙaryar da ke jikin kwali ita ce abin haramtawa. Ƙwan da ya ce lumen 400 yake bayarwa kuma awa 3,000 zai yi, ya sayar da kansa a kan gaskiya, mai saye ya san abin da ya ɗauka. Wanda aka buga wa wat 30 alhali 12 yake ja, ko aka yi wa alkawarin shekara 11 alhali an san ba zai ga damina biyu ba, talakan nan shi ya fi cutarwa, domin shi ne zai sayi ƙwai biyar a lokacin da mai hali ya sayi ɗaya.

A Amurka tun 2012 doka ta tilasta a rubuta lumen a gaban kwali, a baya kuma a sa tsawon rai da launin haske da kuɗin wutar shekara. Ƙa'ida a takarda dai ba ta isa ba sai da mai aunawa. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, SON, da takwarorinta a maƙwabta su ne ke da hurumin hukunci, amma auna lumen da wat ba aikin da ya fi ƙarfin sashen fiziks ko na injiniyan lantarki ba ne. Jami'ar Bayero, ko ta Ahmadu Bello, ko ta Yamai da ke ɗauke da sunan Abdou Moumouni, masanin fiziks da ya ba da rayuwarsa ga binciken makamashin rana, kowacce za ta iya sayen samfura daga kasuwa ba tare da sanarwa ba, ta auna su, ta bar su a kunne wata shida a zafin bazara, ta wallafa sakamakon da sunayensu. Jadawali ɗaya irin wannan a shekara, yana yawo a WhatsApp ana karanta shi a rediyo, zai fi kame goma tasiri.

Kafin a kai can, mai saye yana da 'yan makamai. Lumen zai nema, ya raba shi da wat. Idan amsar ta gaza 80 ƙwan ya tsufa, idan ta haura 150 a farashin banza akwai dalilin shakka. Ya ɗaga kyamarar waya ya dubi ƙwan yana kunne, domin ratsi-ratsi masu gudu a allo alama ce ta direban da aka yi wa rowa, wanda ke barin haske yana rawa sau 100 a sakan. Nauyi a hannu yakan nuna akwai alminiyam, ko da yake ba hujja ce yankakkiya ba.

Sai batun launi, inda katakon gwaji ya sake ɓatar da mutane. Ana auna shi da kelbin: 2,700 haske ne mai ɗumi mai ɗan rawaya, 6,500 fari ne fat mai ratsin shuɗi. Na biyun ya fi dukan ido, don haka shi ya cika kasuwa, har ɗakunan kwana. Ya dace da shagon tela ko garejin bakanike. Amma a cikin ido akwai ƙwayoyin da suka fi jin shuɗi, waɗanda ke shaida wa ƙwaƙwalwa cewa rana ba ta faɗi ba, su jinkirta sinadarin melatonin mai kiran barci. Ƙarfin hasken da daɗewa a ƙarƙashinsa su ma suna da tasiri. A 2016 ƙungiyar likitocin Amurka ta ba da shawarar kada fitilun titi su wuce kelbin 3,000. Ƙwari ma sun fi taruwa a kan mai shuɗi. Akwai kuma wani ma'auni na yadda haske yake nuna launin abu na gaskiya, mai ƙarewa a 100. Hoda mai araha tana da ƙarancin ja, shi ya sa shaddar da aka zaɓa cikin shago a Kantin Kwari takan canja fuska idan an fito da ita rana. Maki 80 ya wadatar a falo. Mai yadi, da ma'aikaciyar jinya da ke duba idon jariri ko ya yi rawaya, su 90 ko fiye suke buƙata.

Waɗanda za su iya juya kasuwar da wuri su ne masu sayen ɗaruruwa a lokaci guda: jami'in sayayya na asibiti, shugaban makaranta, injiniyan ƙaramar hukuma da ke ba da kwangilar fitilun titi. Takardar kwangilar da ta ce a kawo ƙwai mai wat 18 guda 500 ta ba ɗan kwangila izinin kawo duk abin da aka buga wa lamba 18. Wadda ta fayyace lumen, da kelbin, da makin nuna launi, da iyakar bolt ɗin da direba zai jure, sannan ta riƙe wani kaso na kuɗin har sai ƙwayayen sun cika shekara biyu suna ci, ta mayar da asarar mutuwar ƙwai kan wanda ya zaɓo shi. Shekara biyu a awa 12 kowane dare awa 8,760 ce, kimanin kashi ɗaya cikin uku na abin da kwalin ya yi alkawari.